Ƙwayar Maraice

Lahadi, 21 Afrilu, ƙarfe 7 na safe

Tara.

Yau kwana bakwai ke nan ina saka lamba a salula, wayar hannun da lokotoro Lubna, likitar Inna, ta ba mu, safe da maraice. Tambayar ba ta canzawa: daga sifiri zuwa goma, ƙaiƙayin nawa ne? Salular ba ta karɓar komai sai lamba. Abin da ya rage zan riƙa zubawa a nan.

Inna ba ta amsa mini. Ni ne ɗanta na fari. Shekarata talatin da takwas, ba ta taɓa kiran sunana ba, ni kuma ban taka ɗakinta ba tun da na yi wayo. In magana ta kama dole sai ta ce "mutumin Yamai". Don haka muka tsara: ni in tsaya bakin ƙofa da salula, ƙanwata Mansura ta tsuguna gabanta ta yi tambayar.

"Da sauƙi," in ji Inna.

"Inna, sauƙi ba lamba ba ce."

Can ta ce, "Tara."

Mansura ta juyo. "Ta ce tara."

"Na ji."

"Ba kai ta gaya wa ba, Yaya."

Talata, 23 Afrilu, bayan azahar

Bari in rubuta shi yadda zan aika wa buro, ofishin jarida, ko zan fahimce shi.

Wa? Tata, wato Inna, mai shekara wajen sittin, a wani ƙauye kusa da Gangara. Me? Ciwon hanta. Ƙananan hanyoyin da ruwan matsarmama, wato madaciya, ke bi suna lalacewa, ruwan ya taru, ya koma cikin jini, jini ya kai shi ko'ina. Ba ƙurji, ba ƙazuwa. Fatar lafiya lau take, in ban da inda ta yage da hannunta. Ya fi cin tafin hannu da tafin ƙafa, inda susa ba ta kaiwa. Yaushe? Shekara biyu. Don me? Ba wanda ya sani, har lokotoron.

An gwada jiƙon bedi, wato dogonyaro, man shanu, toka, rubutu, da ƙwayoyin asibiti iri uku. Yanzu sai susa da totuwar masara da sakaina. Mansura ta ce kowace safiya tana samun jini a tabarma, tana wankewa kafin Inna ta lura ta gani.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jarida a Yamai. Na rubuta ambaliya, na rubuta fari, na rubuta ƙyanda. Da wani ya kawo mini labarin ƙaiƙayi da na ce ya koma ya nemo labari. Abin da ya dawo da ni gida ba na wannan littafin ba ne.

Laraba, 24 Afrilu, la'asar

Iya Maryama ta zo daga Cadawa bisa kabu-kabu, kamar kowace Laraba. Ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, ƙawancen da aka ɗaura da shaidu, aka kai tuwo gida biyu. Ban taɓa ganin ɗayarsu ta ci goro ita kaɗai gaban ɗayar ba. Ko ɓari ne sai an sake ɓara shi.

Ita tana kiran sunana, har ta rama wa Inna.

"Hafizu ɗan jarida, yau mi aka ce a duniya?"

"An ce ana zafi, Iya."

"Don wannan aka kai ka lakol?"

Tana magana tana goga damtsenta da bakin mayafi. Ta ce zufa ce.

Goma, da maraice.

Litinin, 29 Afrilu, ƙarfe 5 na yamma, a mota daga Maraɗi

An karɓi Inna cikin gwajin. Lambobin mako biyu sun nuna ta kai.

Lokotoro Lubna ƙarama ce, ba ta wuce Mansura ba sosai, amma ba ta gaggawar magana. Ta ce maganin sabo ne, ba a sayar da shi ko'ina, ana gwada shi a ƙasashe da yawa lokaci guda. Rabin mutanen ana ba su na gaske, rabi ana ba su ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai cikinta. Ba ya warkar da hanta, ta faɗi wannan sau biyu. Ƙaiƙayin kaɗai ake nema.

Inna ta dubi Mansura. "Tambaye ta, nawa wanne ne?"

"Ni ma ban sani ba, Inna," in ji lokotoron.

"To wa ya sani?"

"Wata na'ura, a wata ƙasa."

"Allah dai ya sani," in ji Inna, ta miƙa babban yatsanta aka dangwala.

Ƙwaya biyu kullum, ɗaya da safe, ɗaya da maraice. Kada a tsallake, kada a ba kowa. Za mu koma bayan mako huɗu. Ni na sa hannu a matsayin mai kula da lambobi. Kwalbar tana cikin lalitar Inna, ta ɗora hannu a kai tun daga tasha.

Alhamis, 2 Mayu, tsakar rana

Gudawa. Sau huɗu kafin hantsi, in ji Mansura.

Na hau tudun bayan gari inda ake samun rezon waya na kira lokotoron. Ta yi tambayoyi, ta ce a ba ta ruwan gishiri da sukari, a ci gaba da maganin in bai tsananta ba. Muryarta ba ta nuna komai ba. An hana ta hasashe.

Ni ba a hana ni ba. Na sake karanta takardar da suka ba mu. Maganin kusan ba ya shiga jini. A hanji yake tsayawa, kamar jandarma a shinge, ya tare ruwan matsarmamar da ke son komawa hanta, ya sa shi ya bi ta ƙasa ya fita. Kuma abin da aka fi gani ga masu shansa shi ne gudawa.

Ina saukowa daga tudun na kama kaina ina murna da gudawar mahaifiyata. Allah ya yafe mini.

Tara har yanzu.

Asabar, 4 Mayu, safe

Bakwai.

Litinin, 6 Mayu, safe

Biyar. Mansura ta sake tambaya, ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Inna ta ce, "Kunnenki ne ke ciwo ko nawa jikin?"

Gudawar ta lafa.

Na daɗe ina kallon ƙwayar a tafin hannun Mansura kafin ta shiga da ita. Ba ta kai ƙwayar wake ba. Ba ta taɓa fata, ba ta san inda tafin ƙafa yake ba. Wasu mutane da ba su san Gangara ba, da ba za su iya furta sunan Inna ba, sun zauna shekaru suna bin sawun wani ruwa mai ɗaci daga hanta zuwa hanji zuwa jini, har suka gano ƙofar da za a rufe. Na karanta abubuwa da yawa a rayuwata. Ban saba ganin abin da na karanta ya shigo tsakar gidanmu ya aikata abin da aka ce zai aikata ba.

Laraba, 8 Mayu, la'asar

Uku.

Iya Maryama ta kama hannuwan Inna, ta juya su, ta duba kamar mai sayen atamfa. Ɓawon ciwukan ya fara faɗuwa, sabuwar fata ja-ja a ƙasa.

"Tata, hannunki ne wannan ko aro kika yi?"

"Aro ne. Na Nasara."

Suka yi dariya har Iya Maryama ta ƙware. Da ta tashi tafiya na lura farin idonta ba fari ba ne. Wataƙila hasken yamma ne.

Juma'a, 10 Mayu, ƙarfe 5 na yamma

Na dawo daga masallaci na tarar da gidan tsit. Mansura ta tare ni a zaure da yatsa a baki.

Inna tana barci gindin bedi, da rana tsaka, a kan tabarma. Hannuwanta a buɗe a gefenta, tafukan suna kallon sama, ba sa yin komai. Shekara biyu ban ga hannuwan nan a zaune ba. Ko tana sallah suna aiki.

Mansura ta bar dakan da ta fara, ta kora kaji waje. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga za ta yi sallama, ta gani, ta haɗiye sallamar, ta je ta kira wasu biyu. Suka tsaya suna kallo ta kan katanga kamar an haifi ɗan maraƙi mai kai biyu. Ƙuda ya sauka a goshinta, ba ta motsa ba. Na tsorata, na zuba wa ƙirjinta ido har na ga yana hawa yana sauka.

Ban taɓa kallon fuskar Inna tsawon minti ɗaya ba sai yau. Tana da ɗan tabo a ƙasan haɓa. Ban sani ba.

Awa uku da minti goma. Na duba agogo.

Lahadi, 12 Mayu, maraice

Biyu. Ta sa lalle a ƙafa. Ta ce a fito da gyaɗar iri, ta zauna ta ɓare kwano biyu ita kaɗai, tana faɗa da Mansura kan wadda ta fi sauri.

Laraba, 15 Mayu, bayan magariba

Iya Maryama ta zo. Ba ta tambaye ni labarin duniya ba. Ta zauna bakin rijiya tana goga ƙafarta a jikin dutse, ta ɗauka ba mai ganinta. Sun shiga ɗaki da Inna, sun daɗe, ban ji dariya ba.

Biyu.

Asabar, 18 Mayu, safe

Biyu.

Akwai totuwa a bayan randa. Mansura ta zubar da su duka tun makon jiya.

Litinin, 20 Mayu, safe

Biyu. Haka aka ce, haka na saka.

Na sa Mansura ta fito da kwalbar, na juye a faranti na ƙirga. Ƙwaya biyu sun yi ƙasa da yadda ya kamata. Mansura ta ce wataƙila sun faɗi ƙarƙashin gado. Na ce wataƙila.

Laraba, 22 Mayu, ƙarfe 6 na yamma

Na raka Iya Maryama bakin hanya. Ta rame. Da za ta hau kabu-kabu ƙafarta ta ƙi ɗaguwa, na tallafe ta, ƙunshin goronta ya faɗo daga haɓar zane, ganyen ya buɗe a ƙasa.

Na tsuguna na tattara, na naɗe, na miƙa mata. Ba ta dube ni ba. Ni ma ban dube ta ba.

Ƙwayoyin Inna ne a cikin goron, bakwai. Na ƙirga ba da niyya ba.

A lakol, makarantar aikin jarida, an koya mana kada a buga labari sai da majiya biyu. Majiyata ɗaya ce, idona.

Alhamis, 23 Mayu, safe

Biyu. Haka aka ce, haka na saka.

Juma'a, 24 Mayu, bayan la'asar

Biyu.

Na hau tudu da salulata a hannu, na zauna, na sauko. Rezo ya cika, ba zan ɗora masa laifi ba.

In na yi magana za a karɓe kwalbar. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Da rabin magani Inna tana barci rabin dare, kuma rabin dare ya fi babu. Ita kuma Iya Maryama, gudawa ce kawai, ai Inna ta sha ta yi kwana uku tana zaga bayan gida ta warware. Haka na gaya wa kaina, kalma bayan kalma, da irin hujjar da da wani minista ne ya kawo mini ita da na yi masa dariya a shafin farko.

Mansura ta ce jinin tabarma ya dawo. Kaɗan.

Asabar, 25 Mayu, safe

Biyu. Haka aka ce.

Lahadi, 26 Mayu, ƙarfe 3 na rana, Cadawa

Iya Maryama tana kwance a asibitin gari, ana ƙara mata ruwa, leda ta uku. Ɗiyarta ta tsince ta a ƙasa da safe, tsakanin ɗaki da bayan gida. Kwana goma sha ɗaya tana gudawa cikin wannan zafin, ba ta gaya wa kowa ba.

Majo Idrisa, babban ma'aikacin wurin, ya tsaya a kanta da takarda.

"Iya, mi kika sha?"

"Ruwa."

"Bayan ruwa?"

"Wani ruwan."

Ya dubi ɗiyarta, ta girgiza kai. Ya dubi Inna, tana zaune a ƙasa riƙe da ƙafar Iya Maryama, tana matsa mata. Inna ta buɗe baki. Iya Maryama ta ɗan ja ƙafar, Inna ta rufe. Majo ya ce in bai san abin da ke cikinta ba, a duhu yake aiki, kuma jikinta ba shi da sauran abin da za a yi kuskure da shi.

Na fita gindin bishiya na kira Maraɗi. Kiran minti huɗu ne. Lokotoro Lubna ta ce in ba Majo wayar, na ba shi, suka yi magana da Faransanci. Da ya mayar mini ta yi tambaya ɗaya.

"Malam Hafizu, tun yaushe ka sani?"

Na gaya mata.

Litinin, 27 Mayu, ƙarfe 8 na dare

Iya Maryama ta sha kunu da safe, ya zauna. Mu kuma mun je Maraɗi.

Lokotoron ta ajiye kwalbar a kan tebur tsakaninta da Inna. Ba ta ɗaga murya ba.

"Inna, na ce kada a ba kowa."

"Kin ce. Ban ba kowa ba. Maryama na ba."

Mansura ta sunkuyar da kai. Lokotoron ta cire tabarau ta goge, ta daɗe tana gogewa.

Ta ce dole ta rubuta wa masu gwajin, su za su yanke ko Inna za ta ci gaba. Kafin nan kwalbar za ta zauna a nan. Ta ce ƙwayoyin da aka bayar matsala ce, amma ba su ne babbar matsalar ba. Babbar ita ce lambobin. Kwana goma sha biyu salula tana cewa mace ta sha magani cikakke tana kan biyu, alhali rabi ta sha, kuma ba wanda ya san nawa take ji. Ta ce kowace lamba shaida ce. Da ita za a yanke ko maganin zai kai ga dubban mata masu irin wannan ciwon ko a rufe shi a kwaba. Mai shaidar da ba a san gaskiyarta ba, cire ta ake yi.

Duk wannan ba ni take kallo ba. Da ta kalle ni da ya fi mini sauƙi.

Inna ta juya ga Mansura. "Gaya mata gaskiyar tana nan. Ban zubar ba."

"Tana ina, Inna?" in ji lokotoron.

"Jikin bango."

Talata, 28 Mayu, hantsi

Na shiga ɗakin Inna. Ita ta ce wa Mansura, "Mutumin Yamai ya shiga ya ɗauki hoto." Sannan ta tafi gidan maƙwabta don kada ta gani.

Ɗakin ya fi yadda nake tunawa ƙanƙanta. Mansura ta janye gadon.

Daga sama akwai tsofaffin zane-zane, layi-layi, wasu sun kusa gogewa, kowanne an soke shi a tsakiya. Mansura ta ce azumin da Inna ta sha ne tun aurenta, na haihuwa, na ciwo, na al'ada. In ta rama sai ta soke. Babu ko ɗaya da ba a soke ba, sai na bara da na bana.

Daga ƙasa sabo ne. Kowace rana da gidanta. Zanen safe da gawayi, na maraice da farar ƙasa. A gefen kowane maraice ɗan da'ira, ƙwayar da ba ta sha ba. Ya fara daga maraicen Laraba, sha biyar ga wata, ya ƙare jiya da safe kafin mu hau mota. Biyu, biyu, uku, uku, uku, huɗu. Ranar da na ga totuwa, huɗu da huɗu. Ranar da na zauna a kan tudu, shida. Lambar ƙaiƙayi ashirin da huɗu, ba gibi.

Na ɗauki hoto goma sha ɗaya, na auna da salula, na kwafe a takarda, na sa Mansura ta sake ƙirgawa ita kaɗai. Mun dace.

Da Inna ta dawo Mansura ta tambaye ta don me. Ina bayan ƙofa.

"Kayan mutane ne aka ba ni amana. Na taɓa. In an tambaye ni ranar tsayuwa, in san mi zan ce."

"To don mi kike ce mana biyu?"

"Ku ai 'ya'ya ne. Ku za ku tambaye ni ranar tsayuwa?"

Shekara uku aka yi ana koya mini yadda ake riƙe gaskiya. Na aika hotunan, na zauna a zaure, na kasa cin abinci.

Alhamis, 30 Mayu, safe

Bakwai. Yanzu ba ta cewa da sauƙi. Kai tsaye take faɗin lambar.

Lokotoron ta ce daga yau Mansura ce za ta riƙa sakawa. Na nuna mata inda ake dannawa. Ba wuya.

Asabar, 1 Yuni, bayan la'asar

An yi ruwa jiya, na shuka. Gari duka yana gona. Inna ta ɗaura gyaɗar da ta ɓare a ƙwarya ta bi mu, ta yi kunya biyu, ta zauna a ƙasa ta cire takalmi ta tura ƙafafunta cikin jiƙaƙƙen yashi har idon sawu. Muka ci gaba da shuka muna zagaye ta.

Tara.

Lahadi, 2 Yuni, maraice

An sallami Iya Maryama. Lokotoro Lubna ta sa an ɗebi jininta an kai Maraɗi.

Tara.

Talata, 4 Yuni, ƙarfe 4 na yamma

Lokotoron ta kira. Sun karɓi bangon. Ta ce an yi ta aika hotunan daga buro zuwa buro, wani babba a cikinsu ya tambaya ko da gaske matar ba ta yi lakol ba. Za a gyara lambobin, a rubuta abin da ya faru kamar yadda ya faru, da sunana a inda ya kamata. Inna za ta ci gaba. Sharaɗi ɗaya: kowace ƙwaya a haɗiye ta gaban shaida, shaidar ta duba baki.

Sannan ta yi maganar jinin Iya Maryama. Minti shida. Hanta ce ita ma. Ba za ta shiga gwajin ba, ba yanzu ba, ba nan gaba ba. Ta gaya wa ɗiyarta, ta gaya wa ita kanta, don ta nemi a gaya mata. Sauran ba na wannan littafin ba ne.

Na je Gazawa na karɓo kwalbar daga direban da aka ba saƙo. Mansura ta shiga da ita. Ta fito da ita.

"Ta ce ba ta so."

"Kin gaya mata sun yarda?"

"Na gaya mata. Ta tambayi na Iya Maryama, na gaya mata shi ma. Ta ce a mayar masu da kayansu, ta gode."

Lokotoron ta ce in aka kai Juma'a ba a fara ba, za a rufe takardar Inna. Daga cikin ɗaki ina jin sakaina.

Goma.

Laraba, 5 Yuni, bayan magariba

Iya Maryama ta zo, ba bisa kabu-kabu ba, a amalanke, da tabarmarta da ƙunshin kaya. Ɗiyarta ta sauke ta ta koma. Ta tsaya tsakar gida dafe da sanda.

"Hafizu, ina kwalbar?"

Na miƙa mata. Ta shiga ɗakin, ta bar labule a ɗage.

"An ce kin yi yaji, Tata. Da wa?"

"Ba ni sha ke kina kallo."

"Ai kallon aka ce a yi. Ni ce mai kallo. Na zo da tabarmata."

"Maryama."

"Na sha naki kwana goma sha ɗaya, ya kusa kai ni lahira ta bayan gida. Wace irin mutuwa ce wannan? Mi za a ce wa jikokina?" Ta zazzago ƙwaya ɗaya. "Nawa ba na kwalba ba ne, yarinyar nan ta Maraɗi ta gaya mini, na kuma gode mata. To mu biyu mu kwana muna susa kamar awakin da suka yi ƙazuwa, wa zai ɗebo wa wani ruwa? Amshi."

Na ji ƙarar moɗa a randa.

"Buɗe. Ɗaga harshe. Tun muna yara kike ɓoye tsamiya a nan, na san wurin."

Mansura ta danna alamar an sha.

Asabar, 8 Yuni, safe

Tara. Gudawa. Iya Maryama ta ce, "Barka da arziki."

Talata, 11 Yuni, safe

Shida.

Gyaɗa ta tsiro. Kunya biyun da Inna ta shuka sun fi sauran miƙewa.

Juma'a, 14 Yuni, ƙarfe 7 na safe

Sun fito da tabarma bakin ƙofar ɗaki. Iya Maryama ta jingina da bango, ƙafa a miƙe, sakaina tana hawa tana sauka a ƙwaurinta. Rawayar idonta yanzu ba sai da hasken yamma ake ganinta ba. Ta ba Inna ƙwayar safe, ta duba baki, ta ce ya yi.

Mansura ta tsuguna da salula. "Inna, nawa?"

Inna ta kau da kai. Hannun ƙawarta take kallo. Nata hannuwan suna kan cinya, ta ja bakin zane ta rufe su.

"Shida," ta ce.

"Ƙarya kike, Tata," in ji Iya Maryama. "Ina ɗakin. Minshari kika yi har aka kira assalatu, na ɗauka injin niƙa aka kawo garin. Kada ki danna, ɗiyata."

Mansura ta ɗaga yatsa ta jira.

"Don ni ne? To ni ban ce ina so ba. Faɗi ta gaske, mutane na jira."

Inna ta sunkuyar da kai. Muryar da ƙyar ta kai bakin ƙofa.

"Uku."

Mansura ta danna. Sakainar ta tsaya, sannan ta ci gaba.

Can Iya Maryama ta ce, "Wai in an yi barci irin wannan, har mafarki ake yi? Na manta."

"Ana yi."

"Kin yi?"

"Na yi."

"To ba ni labari. Daga farko, kada ki tsallake."

Inna ta gyara zama. Ta fara da cewa wai su biyu ne a hanyar rijiya, da tuluna, ga shanun babanta sun tare hanya. Na ga bai kamata ɗan fari ya ji mafarkin uwarsa ba, na ɗauki fartanya na fita. Har na kai zaure ina jin muryarta ƙasa-ƙasa, da ƙarar sakaina, da Iya Maryama tana cewa a'a, jan san nan ba na babanki ba ne, namu ne.